Takalmin Ramalan

Da safe Siddiƙ mai magani ya zo buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Arlit, ya tarar an riga shi. An ɓalle kwanon rufi ɗaya ta baya, an lanƙwasa shi daidai yadda siririn mutum zai ratsa. Gwangwanin ciniki yana inda ya bar shi. Ba a taɓa maganin zazzaɓi ba, ba a taɓa na tari ba. Kwali ɗaya aka ɗauka, na wata farar ƙwaya da direbobi suke sha idan baya ya riƙe.

Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru. Mai unguwa Alkassoum ya sa aka kifa tasoshi a kan sawun da ke bayan rumfar, kamar yadda aka saba, don kada awaki su tattake. Sannan ya aika a kira Akoli.

Akoli mai bin sawu ne. A Gougaram aka haife shi, kuma yana bin sawun raƙuma tun ba a haƙa ramin ma'adini ko ɗaya a ƙasar nan ba. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun haye arewa ba su dawo ba. Yana zaune shi kaɗai a ɗakin ƙasa a ƙarshen gari, da butar shayi da finjali biyu. Gaisuwarsa gajera ce. Bai taɓa faɗin magana a kan sawu ya janye ta ba, kowa a garin ya san haka, shi ma ya san sun sani.

Ya durƙusa ya ɗaga tasa ta farko. Takalmin taya ne, babba ƙwarai, an yanko shi daga tayar kamiyo, wato babbar mota, da tsagu a dugadugin hagu. Ya daɗe yana kallo.

"Baba Akoli, na wa ne?" in ji mai unguwa.

"Takalmin Ramalan ne."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Babu wanda bai san Ramalan ba. Mutumin Damagaram ne, ya ja manyan motocin kamfani har ranar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan. Ƙato ne na gaske, akwai bencin da ya karye a ƙarƙashinsa wurin mai shayi, har yau ana ba da labari. Bayan ƙaramar salla ya bi motar Aghali zuwa Tchibarakaten neman aikin tuƙi wurin masu zinariya. Aghali ya dawo, Ramalan bai dawo ba, ko waya bai yi ba.

"To ya dawo ke nan," in ji wani.

Akoli ya sa yatsa a cikin sawun ya auna zurfinsa.

"Takalminsa ne, amma ba shi ne a ciki ba. Ramalan in ya taka yashi, wurin sai ya riƙe ruwa. Wannan ko rabinsa bai kai ba. Ƙafar ma yawo take yi a cikin takalmin."

Fatahu, ƙanen Ramalan, makanike ne a tasha, kuma ba ya riƙe magana a ciki. Ya ture mutane ya matso.

"Wa zai ba da takalminsa a tsakiyar hamada yana da rai? Wa ya tafi da shi? Wa ya dawo shi kaɗai?"

Babu wanda ya ambaci suna, amma kowa ya san Aghali siriri ne.

Akoli ya bi sawun ta bayan rumfunan mahauta har bakin kwalta. Nan ya ɓace, motoci sun share komai.

* * *

Ya koma wurin Siddiƙ, ya same shi yana ƙoƙarin miƙe kwanon da guduma.

"Su wa suke sayen ƙwayar nan?"

"Direbobi duka, Baba. Hanyar nan ta Agadez ba ta bar wa kowa baya ba. Ni na fi zargin yaran nan ƴan ƙwaya da ke kwana bayan tasha."

"Su da sun kwashe rumfar har kai."

Siddiƙ ya ajiye guduma ya rage murya. Ya ce da can Ramalan ne babban mai sayenta, kwali guda yake ɗauka ba kati ba. Bayan ya tafi kuma sai Aghali ya soma zuwa saye, alhali shi lafiyar bayansa ƙalau, mutum ne mai ɗaukar gangar ruwa shi kaɗai.

"Satin da ya wuce na hana shi. Manjo Zakiyya, babbar malamar jinya ta gidan likita, ta ce in ta ƙara jin na sayar da ita ba takarda, za ta haɗa ni da hukuma. Ya roƙe ni har ya kama gemuna. Ban ba shi ba."

* * *

Zinariya, matar Ramalan, masa take soyawa a ƙofar tasha. Ranar ba ta hura wuta ba. Ta shimfiɗa wa Akoli tabarma a tsakar gida, ta zauna nesa kaɗan.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. In fara takaba?"

"Ban ga gawa ba. Takalmi na gani."

"Tun da ya tafi kullum ina zuba nasa a kwano in rufe. Da safe in ba kaji."

"Yaya ya tafi? Kun yi faɗa?"

"Faɗan me? Shiru dai ya yi yawa. Ya rage cin abinci, in na tambaya ya ce zafin gari ne. Mutumin da tuwon mutum uku ba ya isarsa. Na canja miya, na canja mai, har na zaci hannuna ne ya gundure shi. Ana wannan zafi shi kuma riga biyu yake sawa." Ta ɗago kai. "Kai fa, Baba? Amininka ne. Bai gaya maka komai ba?"

Shekara da shekaru Ramalan ne kaɗai yake zuwa ƙarshen gari bayan la'asar ya zauna a ƙofarsa, ya sha shayi, ya kira shi Buzun banza, shi kuma ya kira shi Kamiyo. Finjali na biyu nasa ne. Tun kafin azumi ya daina zuwa, ya tafi ba sallama. Akoli ya ji haushi, bai taka ya je ya tambaya ba. Wurinsa ake zuwa, shi ba ya zuwa wurin kowa, haka ya ɗauki kansa.

Ya tashi ya naɗe mata tabarmar da kansa.

* * *

Kafin azahar an riga an kama Aghali. Mai unguwa ya kulle shi a ɗakin ajiyar hatsi na gidansa, don ya raba shi da abokan Fatahu. Motarsa tana ƙofar gida, an fasa mata gilashi ɗaya.

Akoli ya shiga ya zauna a kan buhu. Aghali mutumin dutse ne kamarsa, ɗan wajen Iferouane, direba mai ƙarancin magana. Leɓensa ya kumbura.

"Ina ka bar shi?"

"Na yi rantsuwa, Baba."

"Ga wa?"

Aghali ya kawar da kai.

"Wa kake saya wa ƙwaya?"

"Na dafa Alƙur'ani. Ko yanka ni za su yi."

"Ba yanka ka za su yi ba. Jandarma za su ba ka, su ce kisan kai."

Aghali ya dube shi ta saman rawani. "Kai ka ce ba shi ne a cikin takalmin ba. Da ba ka faɗa ba, da ina tasha yanzu ina lodi."

A waje Alkassoum ya ja Akoli gefe. Ya ce ba zai iya riƙe mutanen nan fiye da gobe ba. Gobe bayan la'asar za a taru a ƙofarsa, kowa ya faɗi abin da ya sani, sannan a miƙa Aghali. Fatahu kuma ya rantse sai ya ƙone motar.

"Maganarka ce hujjarmu, Baba. Ba ka taɓa kuskure ba."

Akoli ya tsaya a inda aka jawo Aghali ɗazu, ya duba ƙasa. Nauyin ya yi daidai da na ɓarawon. Amma Aghali da gaban ƙafa yake takawa, irin na wanda ya tashi yana bin awaki a kan duwatsu. Ɓarawon kuwa da dugadugi yake sauka, yana jefa ƙafar hagu waje. Akoli ya ce wa kansa babban takalmi yana iya canja wa mutum tafiya. Ya koma gida ya dafa shayi, bai ji daɗinsa ba.

* * *

Washegari ya fita da hantsi, lokacin da rana take kwance kuma kowane sawu yana da inuwa. Bai koma kasuwa ba. Mutumin da ya hau kwalta dole ya sauka, don haka ya bi gefen hanyar a hankali, ya gama gefe ɗaya ya tsallaka ya dawo ta ɗayan. Wajen gari, inda hanya take gangarawa zuwa garake, wato lambuna, ya sake samun tsagun dugadugin hagu.

Mai sawun ba ya nisa sai ya zauna. Ya zauna gindin tarin tsoffin ƙarafa, ya zauna jikin wata katanga. A wuri ɗaya ya durƙusa ya yi amai, babu komai a ciki sai ruwa, ya rufe da yashi. Kusa da nan akwai katin ƙwaya da aka ɓare rabinsa. Akoli ya ɗauka ya sa a aljihu. Aghali mutum ne mai tafiyar yini ba ya neman inuwa.

Gaba kaɗan asuba ta riski mai sawun a hanya. Ga inda ya buga tafin hannu ya yi taimama, ga inda ya ajiye takalman gefe ya fuskanci gabas. Ya tsaya ƙafa tsirara a kan yashi mai laushi.

Akoli ya durƙusa. Ƙafa ce doguwa, amma ta tsuke, dugadugin ya zama kamar na mace. A ta hagu, yatsan da ke bin babba babu shi. Giɓi ne kawai.

Ya san ranar da yatsan nan ya tafi. A hanyar Tahoua ne, suna canja taya, ƙarfen ya suɓuce. Shi ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure ƙafar, Ramalan yana zaginsa yana dariya.

Ya zauna a ƙasa kusa da sawun, ya daɗe bai tashi ba. Takalmi ana aronsa, ana sace shi, ana cire shi daga ƙafar mamaci. Wannan ya sani. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne mutum ya bar rabin kansa a hanya ya dawo da sauran.

* * *

Sawun ya kai shi wata garka da dangin Aghali suka bari tun da rijiyarta ta ƙafe. Akwai bukkar zana a kusurwa. Takalman taya suna bakin ƙofa, an ƙara musu waya a maɗauri don su kama ƙafa.

Ya yi sallama. Muryar da ta amsa ta Ramalan ce dai, amma kamar daga cikin rijiya.

"Buzun banza, ka tsufa. Tun jiya nake jiranka."

Akoli ya sunkuya ya shiga. Mutumin da ke kwance a kan tabarma wuyansa bai fi damtsen Ramalan na da ba. Riga ta yi masa yawa kamar an rataye ta a sanda. Gefensa ga dabino, ga biskit, ga gwangwanin madara, duk ba a taɓa ba. Kwalin Siddiƙ yana ƙarƙashin kansa.

"Na gaya wa gari ba kai ba ne," in ji Akoli.

"Ai gaskiya ka faɗa. Dube ni."

Akoli ya zauna a bakin ƙofa. Ramalan ya yi magana a hankali, yana hutawa. Ya ce ya tafi Tchibarakaten ne don kada a ga yadda yake zubewa. A can ma mutane suka soma janye kwanonsu in ya zauna. Sai ya roƙi Aghali ya dawo da shi a ɓoye ya ajiye shi nan, ya sa shi ya dafa Alƙur'ani.

"Ka tuna Isma'ila mai walda? Da ya rame, wasu suka ce ƙurar rami ce, wasu suka ce ciwon zamani ne. Na biyun aka riƙe. Matarsa fura take sayarwa. Ka ƙara ganin wani ya tsaya gabanta? Ta koma ƙauyensu da ƙwaryarta. Zinariya da masar nan take riƙe gida. Gara a ce hamada ta cinye ni, a yi mata ta'aziyya, a ci gaba da sayen masarta."

"Sai ka shiga sata."

"Bayan nan nawa in ya riƙe, Akoli, ko numfashi sai na roƙa. Aghali ya dawo hannu wofi. Da rana ba ni da fuskar shiga gari."

Akoli ya fito da katin daga aljihu ya juya shi.

"Nawa kake sha?"

"Da ɗaya ce. Yanzu ba na lissafi."

"Wanne ya taka wanne?"

"Me?"

"In sawu biyu suka haɗu, ana duba wanda ke sama. Ƙwayar ce ta fara, ko ramar?"

Ramalan ya ƙirga watanni da yatsu. Ya ce bayansa ya soma riƙewa tun bara, ya shiga shan ƙwayar. Da sanyi ya ƙara yawanta. Daga nan ne ƙamshin miya ya fara tayar masa da zuciya.

"Wa ya gwada ka ya ce ciwon Isma'ila ne?"

"Sai an gwada? Ina da ido."

"Ni ma ina da ido. Jiya ya yi mini ƙarya." Akoli ya miƙe. "Yau bayan la'asar za a ba jandarma Aghali, a ce ya kashe ka. Leɓensa a fashe yake, bai faɗi sunanka ba."

"Ka rantse ba za ka faɗa ba."

"Ba na rantsuwa. Zan ce na yi kuskure. Inda kake ba zan faɗa ba. Ba za su yarda da ni ba, za su ce tsufa ne. Maganata ta ɗaure shi, amma ba za ta iya kwance shi ita kaɗai ba."

Ya warware rawaninsa mai shuni, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa babu shi a cikin gari, ya ajiye kusa da tabarmar. Ya yafa mayafin kafaɗarsa a kai ya fita.

* * *

Bai taɓa shiga gidan likita da ƙafarsa ba. Ya jira a layi cikin mata masu goyo har aka kai kansa. Manjo Zakiyya ta karɓi katin ta duba.

"Baba, kai kake shan wannan?"

"Wani ne. Ya rame har matarsa ba za ta gane shi ba."

Ta ce maganin sassauta jijiya ne, na ƴan kwanaki ake ba mutum. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, yana iya kawo masa tashin zuciya ya kashe masa son abinci, jiki ya yi ta zubewa.

"Amma ba zan ce shi ne ba sai na ga mutumin na ɗebi jininsa. Abubuwan da ke ramar da mutum a garin nan suna da yawa. Kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Ina yake?"

"Ki zo ƙofar mai unguwa bayan la'asar. In ya zo, za ki gan shi."

"In bai zo ba fa?"

"Sai ki ga tsoho ya ji kunya."

* * *

Ƙofar Alkassoum ta cika. Maza a gaba, mata a tsaye jikin katanga, Zinariya a cikinsu ta ja gyale har goshi. An fito da Aghali an zaunar da shi a ƙasa. Fatahu yana tsaye kusa da motar da bidon, wato jarkar mai, a hannunsa. Mutane suka yi ta kallon kan Akoli babu rawani, babu wanda ya iya tambaya.

Akoli ya karɓi tsintsiya ya share fili a tsakiya, ya daidaita yashin da gefen hannunsa. Wannan tsohuwar al'ada ce ta masu bin sawu: duk namijin da ake zargi ya cire takalmi ya ratsa.

"Kafin a fara," in ji shi, "jiya na ce ba Ramalan ne a cikin takalmin ba. Na yi kuskure."

Sai Fatahu ya yi dariya marar daɗi.

"Buzu ya ga za a tafi da ɗan'uwansa. Nawa ya ba ka, tsoho? Yayana da hannu ɗaya yake ɗaga ni. Shi ne zai ratsa ta wannan ƴar kafar?"

"In shi ne, yana ina?" in ji mai unguwa.

"Ba zan faɗa ba. A ratsa."

Aghali ya ratsa. Siddiƙ ya ratsa yana gunaguni. Fatahu ya cire takalmi ya jefar, ya taka da ƙarfi kamar zai fasa ƙasa. Wasu direbobi suka bi. Bayan kowane mutum Akoli yakan duba, ya girgiza kai, ya sake share wurin. Rana ta soma sauka. Mutane suka fara magana ƙasa-ƙasa, wani ya ce tsufa ba ya barin kowa.

Akoli bai ɗaga kai ya duba taron ba. Amma tun zuwansa ya ga wani siririn mutum a can ƙarshe, zaune jikin tayar amalanke, rawani mai shuni ya rufe masa fuska sai ido. Wata mata ma ta ajiye masa ƙosai a gabansa, ta zaci baƙo ne mai neman taimako.

"Saura wa?" in ji Alkassoum. "Baba, in babu, zan kira jandarma."

Akoli ya share yashin karo na ƙarshe, ya ja da baya ya tsaya.

Mutumin ya dafa tayar amalanken ya miƙe. Ya daɗe kafin ya iso. Aka buɗa masa hanya don ba a san ko wane ne ba. Ya taka filin ƙafa tsirara, ya ratsa, ya tsaya a ɗaya gefen yana haki.

"Zinariya," in ji Akoli. "Zo ki duba ƙasa."

Ta fito daga cikin mata. Ba ta kalli mutumin ba, ƙasa ta kalla kamar yadda aka ce mata. Ta durƙusa, ta sa yatsa a giɓin da ke tsakanin yatsun hagu.

"Wata guda ina wanke ƙafar nan da ruwan gishiri," ta ce. Sannan ta ɗago. "Malam, haka za ka yi mini?"

Ramalan ya sauke rawanin. Waɗanda ke kusa suka ja da baya. Fatahu ma ya ja, bidon ya faɗi daga hannunsa. Kalmar da Ramalan ya gudar wa ta soma yawo a bakin mutane, ana jinta.

Manjo Zakiyya ta matso ta ce babu wanda ya san ciwon mutumin nan, har ita, sai an gwada. Ta ɗaga katin ta faɗi abin da ƙwayar take iya yi wa mai shanta ba ƙa'ida. Direbobin da ke wurin suka kalli juna. Amma babu wanda ya matso.

Akwai randa a ƙofar mai unguwa. Akoli ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa wa Ramalan. Ramalan ya kurɓa kaɗan ya mayar masa. Akoli ya juya moɗar daidai inda bakin ya taɓa, ya shanye sauran a gaban kowa. Sannan ya je ya kama hannun Aghali ya tashe shi.

"Ni na ɗaure ka. Ka yafe."

Aghali ya kakkaɓe rigarsa, ya wuce wurin motarsa.

* * *

An kwantar da Ramalan a gidan likita. Jininsa bai nuna abin da gari ya zata ba. Aka janye masa ƙwayar kaɗan-kaɗan, aka soma da kunu. Siddiƙ ya ce ya yafe kwalin, Fatahu ya gyara masa kwanon, ya kuma sa wa Aghali sabon gilashi. Masar Zinariya ta yi kwantai na wani lokaci, sannan direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Akoli kuwa kira ya ragu. Da akuyar limami ta ɓace, wani aka nema daga Akokan. An ce tsohon da kansa ya faɗa a gaban jama'a cewa idonsa yana kuskure. Bai yi musu ba. Yana zaune a ƙofarsa bayan la'asar, ya dafa shayi, ya sha a finjali ɗaya.

Wata safiya, bayan sanyi ya wuce, ya dawo daga ɗebo ruwa ya ga an zo ba ya nan. Takalmin taya ne, da tsagu a dugadugin hagu. Mai shi ya tsaya a bakin ƙofa, ya jira, ya juya. An rataye rawani mai shuni a jikin ƙyaure, a wanke, a ninke.

Akoli ya ajiye bokiti ya durƙusa, ya sa yatsa a cikin sawun. Bai kai na da ba, ko kusa. Amma ya fi na bayan rumfar Siddiƙ zurfi.

Ya kifa tasa a kansa don kada awaki su tattake. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko finjali na biyu, ya wanke ƙurar da ke ciki.